Wuta Ɗaya, Kowa da Murhunsa: Gardamar Sihirin Ƙungiyoyin Ravnica

Tun shekarar 2005 ake tafka wata gardama a tsakanin ma'abota wasan katin nan na Amurka da ake kira Magic: The Gathering, har yau kuwa ba a kai ƙarshenta ba. A kan wani birni ake yin ta mai suna Ravnica, wanda babu shi a taswirar kowace ƙasa domin ƙagagge ne. Ƙungiyoyi goma ne suka raba harkokin birnin a tsakaninsu, kowace da shugabanta da tambarinta da masu sihirinta. Abin da ke hana masoya wasan sakat shi ne yadda kowace ƙungiya take sarrafa nata sihirin. Idan sojan Boros ya saki tsawa, injiniyan Izzet ma ya saki tsawa, iri ɗaya ce? Wanda ya bar wannan ƙungiya ya koma waccan, da iyawarsa zai tafi ko sai ya sake zama ɗan koyo? Talakan da ba ya kowace ƙungiya fa, da me yake kare kansa? Kamfanin da ya ƙagi birnin ya amsa kaɗan ya yi gum a kan sauran, su kuma masoya suka duƙufa cike giɓin da hasashe.

Ga wanda bai san wasan ba, wani masanin lissafi ne mai suna Richard Garfield ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi kasuwa a 1993. Mutum biyu ke zama, kowa da tarin katinsa, galibi guda 60, da maki 20 a matsayin ransa. Wanda aka cinye wa maki ya faɗi. Yawancin katunan suna tsaye ne a madadin wata halitta ko wani aikin sihiri, kuma ba sa motsi sai an biya su da makamashi. Makamashin nan launi biyar ne, kowane da irin ƙasar da yake fitowa: fari daga sarari, shuɗi daga tsibiri, baƙi daga fadama, ja daga duwatsu, kore daga kurmi. Fari na doka ne da haɗin kai, shuɗi na ilimi da dabara, baƙi na neman iko ko ta halin ƙaƙa, ja na zafin zuciya da ƙin takura, kore na tsiro da ƙarfin halitta. Duk sihirin da za a ambata a nan na almara ne, tawada a kan kwali da ƙa'idojin wasa.

In aka ɗauki launi biyar aka haɗa su bibbiyu, haɗi goma ake samu, ba ƙari ba ragi. A kan wannan ɗan lissafi aka gina Ravnica: kowane haɗi aka ba shi ƙungiya guda. Birni ne da ya shafe duniyarsa kaf, gini na bin gini, da fasali irin na tsofaffin biranen tsakiya da gabashin Turai. A labarin, shugabannin farko na ƙungiyoyin sun gaji da yaƙar juna, suka ƙulla wata yarjejeniya mai ƙarfin sihiri shekara 10,000 kafin lokacin da labarin ya soma, ita ce ta yanka wa kowa aikinsa. Kamfanin bai fito da su a tashi ɗaya ba. Huɗu ya saki a Oktoban 2005, uku a Fabrairun 2006, ukun ƙarshe a watan Mayu, watannin jiran nan kuwa su suka ba wa hasashe gindin zama. Da aka sake komawa birnin a 2012 da 2018, kusan kowace ƙungiya an ba ta sabuwar ƙa'idar wasa, aka sake buɗe fagen kintace.

A ganina, duk wanda ya taɓa zagaya kasuwar garinsu da ido buɗe ya riga ya kama bakin zaren wannan gardama, domin ya ga yadda masu sana'a suke da wuta. Wutar maƙeri da ta mai tsire da ta mai ƙosai da ta mai gasa tukwane asalinsu ɗaya. Da za a ɗebo garwashi a wannan murhu a kai wancan, kamawa zai yi. Amma kowa da yadda yake son tasa. Maƙeri gawayi mai ƙarfi yake nema, irin na ƙirya, ya tara shi wuri guda, yaro na buga zuga-zugi har ƙarfe ya yi jawur, ya cafko shi da awartaki ya ɗora a uwar maƙera. Shi kuwa mai tsire, harshen wuta abokin gabansa ne. Garwashi mai natsuwa yake so, ya kafa tsinkayensa a gefen tukuba zafi na ratsa nama a hankali, in kitse ya ɗiga wuta ta yi tsalle ya yayyafa mata ruwa. Mai ƙosai harshen take so ya riƙa lasar gindin kasko, don in mai bai yi zafi ba ƙosai shanye shi zai yi. Mai tukwane ta jera randuna da tuluna, ta lulluɓe su da ciyawa da itace ta cinna, sannan ta ja da baya ta bar wuta ta ci ta cinye. Ka ba maƙeri wutar mai tsire, sai ya wuni bai lanƙwasa ƙusa ba. Ka ba mai tsire ta maƙeri, gawayi zai sayar a tsinke. Cikinsu babu wanda ya zaɓi salon wutarsa don sha'awa. Abin da zai ɗora a kanta shi ya yanka masa.

Haka lamarin yake a Ravnica. Kowane launi ƙungiya huɗu ne suka yi tarayya a kansa, kuma jan makamashi, wanda shi ne na wuta da tsawa, ya ishe mu misali. Boros, masu ja da fari, su ne rundunar tsaron birni. Fitaccen katinsu, Lightning Helix, yana yi wa abokin gaba ɓarnar maki 3, ya kuma ƙara wa mai shi maki 3. Tsawar soja ke nan, wanda aikinsa ya bugi na gaba ba tare da sahunsa ya rushe ba. Izzet, masu ja da shuɗi, su ke da ruwan famfo da magudanai da na'urorin ɗumama birni, sun kuma daɗe a ƙarƙashin Niv-Mizzet, ƙaton dodon nan mai fukafukai da aman wuta, wanda ba ya ganin kowa da gashi a fagen ilimi. Katinsu Electrolyze ɓarnar maki 2 kacal yake yi, amma ana iya raba ta gida biyu, sannan mai shi ya zari sabon kati. Wato a wurinsu ko fashewa gwaji ce, dole ta bar wani sani a baya. Rakdos, masu ja da baƙi, su ke nishaɗantar da jama'a da wasanni masu zubar da jini, su ke kuma aikin ƙarfi a ramukan haƙar ma'adinai. Ƙa'idar da aka fara ba su a 2006 ita ce katinsu ya fi ƙarfi idan hannun mai wasa ya zama wayam, halin wanda ba ya ajiye na gobe. Sai Gruul, masu ja da kore. Katinsu Wreak Havoc yana rushe ƙasa ko na'ura, kuma an rubuta a jikinsa cewa ba a iya tare shi. Wutarsu ta rushe gini ce, ba ta sauraron lauya.

Launi ɗaya, amfani huɗu, kuma duk huɗun ana iya cinkar su tun kafin a ga katin, muddin an san aikin da ƙungiyar take yi wa birni. Nan ne mai hasashe na ƙwarai yake shan gaban saura. Da an ce masa za a fito da sabon katin Izzet, abin da zai fara tambaya shi ne wace matsala injiniyan magudanar ruwa yake fama da ita, daga nan ya lalubo irin sihirin da zai buƙata.

Baƙin makamashi, na mutuwa da ruɓewa, ya ma fi fito da abin fili. A ɗauka wani mazaunin Ravnica ya mutu. Orzhov, masu baƙi da fari, banki ne sanye da rigar gidan ibada, kuma majalisar fatalwowi mai suna Obzedat ce ta daɗe tana jan ragamarsu. Su kurwar mamacin suke so, domin a dokarsu mutuwa ba ta yafe bashi, fatalwarsa za ta ci gaba da bauta har ya biya. Golgari, masu baƙi da kore, a ƙarƙashin ƙasa suke zaune, su ke kwashe shara da gawarwakin birni, su mai da su taki a gonakinsu, daga can abincin talakawa yake fitowa. Su gangar jikin suke jira. Ƙa'idarsu ta 2005 ma haka take: maimakon ka zari sabon kati, sai ka zubar da wasu a maƙabartar wasa ka ɗauko wanda ya riga ya mutu. Dimir, masu baƙi da shuɗi, 'yan leƙen asiri ne, abin da mamacin ya sani shi ne ganimarsu. Katinsu Glimpse the Unthinkable kati 10 yake kwashewa daga tarin abokin gaba ya zubar, tarin kati kuwa a wasan nan shi ne ƙwaƙwalwar mai shi. Su Rakdos tun wurin fitar ran suka ci tasu kasuwar, tunda kallo suke sayarwa. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Tokar da maƙeri da mai tuwo suka kwashe suka zubar jarin wasu ce: marina na zuba ta a karofi, mata na tace ruwanta su sa a miya, manomi na kai ta gona.

Akwai hasashe iri biyu da nake ganin ɓata lokaci ne. Na farko shi ne musun wace ƙungiya ta fi ƙarfin sihiri. Daidai yake da a tsaya ana gardamar wutar wa ta fi zafi. Maƙeri ne zai ci, amma da ya ji yunwa wurin mai ƙosai zai aika, ita kuma kaskonta da matsaminta daga hannun maƙera suka fito. An tsara Ravnica ne ta yadda kowace ƙungiya ke riƙe da abin da sauran tara ba su iya rayuwa in babu shi. Boros na iya ƙone gonakin Golgari cikin yini guda, amma bayan mako ɗaya sojojinsu za su kwana da yunwa a cikin shara.

Na biyu shi ne ɗaukar launi a matsayin hali, a ce fari na mutanen kirki ne, baƙi na mugaye. Katunan da kansu sun ƙaryata haka. Orzhov masu tatsar matattu suna da fari, Golgari masu ciyar da matalauta suna da baƙi. Selesnya, masu kore da fari, wa'azin zaman lafiya da son juna suke yi a gindin wata ƙatuwar bishiya mai suna Vitu-Ghazi, kuma ƙa'idarsu tana barin halittun da ke fage su haɗa hannu su biya kuɗin sihiri. Sai dai wanda ya shige su muryarsa ta narke a cikin ta taro, ba ya sake cewa "ni". Azorius, masu fari da shuɗi, su ke rubuta doka da yanke hukunci, sihirinsu kuwa na ɗaurewa ne da jinkirtawa. Ƙa'idarsu ta 2012 ba ta kashe halitta, tsare ta take yi, ba hari ba kariya, sai zagaye na gaba. Ga amsar masu tambayar bambancin kamun Boros da na Azorius: na farko ƙofa yake ɓallawa, na biyu takarda yake miƙo maka ka kasa ɗaga ƙafa. Wuta ba ta da hali. Ta dafa tuwo, ta ƙone rumbu.

Batun sauya ƙungiya ya fi waɗannan daɗin tattaunawa, domin akwai alamu a cikin katunan. A Ravnica ta 2005 aka fara fito da wani nau'in kati da ake iya biya da ɗayan launuka biyu, duk wanda ka samu. Kowace ƙungiya an ba ta katin ƙaramin masihirci mai irin wannan farashi, yana da dabara biyu, kowace da launin da take buƙata. Ana iya fahimtar haka da cewa ƙofar ƙungiya a buɗe take ga wanda ya iya launi ɗaya, amma ba zai ci moriyar duk abin da ke ciki ba sai ya iya na biyun. Littafin Guildmasters' Guide to Ravnica, wanda ya shigar da birnin cikin wasan Dungeons & Dragons a 2018, ya ƙarfafa wannan, domin ya ba kowace ƙungiya jerin ayyukan sihirin da ɗanta yake ƙarawa a kan abin da ya zo da shi. Saboda haka ina tare da masu cewa sojan Boros da ya koma Izzet da jan makamashinsa zai tafi, sai dai hannunsa ne zai sake koyo. Ɗan maƙeri da ya koma sana'ar tsire ba ya tsoron wuta, ya san gawayi mai kyau tun daga nauyinsa, amma a makon farko sai ya ƙona nama, don hannunsa ya saba da zuga.

Wani zai ce duk wannan neman ma'ana ne a inda babu ita, tunda ma'aikatan kamfani ne suka zauna suka tsara katunan don wasa ya yi daɗi kuma ya sayu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ƙa'idar Golgari ta tono maƙabarta ta zo da ƙarfin da ya wuce tsammani, har aka haramta katin Golgari Grave-Troll a wani rukunin gasa, wannan kuwa kuskuren lissafi ne, ba ya nuna cewa Golgari sun fi kowa a cikin labarin. Mai hasashe da ya ɗauki kowace lamba a jikin kati a matsayin tarihi zai sha kunya. Amma a duba inda masu tsarawar suka nufa duk lokacin da suka yi gyara. Ƙa'idar Boros ta 2005 tana bazuwa ne a kan duk halittun da suka yi launi ɗaya da wadda aka nufa, har da na mai katin, abin da bai yi kama da aikin runduna ba. A 2013 sai aka musanya ta da wadda ke ba da lada idan mayaƙa uku suka kai hari tare, a 2018 kuma aka kawo wadda babban soja ke ƙarfafa ƙaraminsa a fagen daga. Selesnya kuwa, da aka ga ƙa'idar haɗa hannu ta zauna musu daram, sai aka dawo musu da ita a 2018. Su kansu masu kamfanin, ƙarƙashin babban mai tsara wasan Mark Rosewater, sana'ar ƙungiya suke bi suna gyara sihirinta.

Hujja mafi ƙarfi tana wurin ƙungiyoyin da suka rabu da aikinsu. Gruul an ɗora musu kula da dazuzzuka ne, sai birni ya yi ta ci har bai bar daji ba. Da aikin ya mutu sai ƙungiyar ta tarwatse ta zama ƙabilu masu gaba da duk wani gini. Makamashinsu na nan yadda yake, abin ɗorawa a kai ne babu, wutar da ba a ɗora mata komai ba kuwa sunanta gobara. Simic, masu kore da shuɗi, likitocin birni ne. A zamanin shugabansu Momir Vig sai magani ya koma gyaran halitta, ana ɗebo siffar wannan a dasa wa wancan, har suka ƙera wata dabba mai suna Kraj da ta zame wa birnin bala'i. Dimir su kuma aikinsu ɓuya ne, har yawancin jama'a suka ɗauka ƙungiyoyi tara ne kawai. A littattafan Cory J. Herndon, ranar da wani jami'in tsaro mai suna Agrus Kos ya kama shugabansu Szadek ya fallasa shi, ranar yarjejeniyar shekara 10,000 ta fara warwarewa, domin an hana ɗaya daga cikin goman yin abin da aka kafa ta dominsa.

Saura marasa ƙungiya, waɗanda suke da ɗimbin yawa a birnin amma katunan ba su cika waiwayarsu ba. A nan nake ganin hasashe ya fi samun fili. Yawancin wutar da ake hurawa a gari ba ta masu sana'a ba ce, ta tsakar gida ce: a ɗora tukunya, a ɗumama ruwan wankan jego, a kori sauro da hayaƙi. Matar gida ba ta da zuga-zugi, ba ta da sarkin sana'a, amma ta san itacen da ke hayaƙi da wanda ke garwashi. Idan makamashi yana fitowa daga ƙasa ne kamar yadda wasan ya ce, to mai wanki da ɗan dako na Ravnica ma suna taka ƙasar nan, kuma da wuya a ce ba su da 'yan dabarunsu na rufe ƙofa da sauke zazzaɓi da gane jabun kuɗi. Abin da ƙungiyoyi suka fi su da shi horo ne da kayan aiki da izinin hukuma.

Kada kuma a raina masu wannan gardama a ce aikin banza suke yi. Mu ma nan, in maƙera suka fito wasan wuta a bikin naɗin sarkinsu suna wasa da jan ƙarfe, 'yan kallo rabuwa suke yi, wasu su ce asirin gado ne, wasu su ce sabo ne da kantar hannu, a tashi ba a daidaita ba. Maƙeri kuwa ba zai ce uffan ba, shirun nasa ma yana cikin abin da ke tara masa jama'a. Kamfanin Wizards of the Coast ya san wannan sarai. Da ya zauna ya bayyana komai dalla-dalla tun 2005, da wuya a ce mutane suna nan suna ɗokin birnin har aka sake komawa cikinsa a 2024 da labarin binciken kisan kai.

Ga masu shiga irin wannan muhawara, ma'aunin hasashe mai kyau guda ne: ya fara daga aikin da ƙungiya take ci da shi, ya bi ta kan abin da katunan suka nuna, sannan mai shi ya yarda cewa kintace yake yi. Ga marubutanmu na littattafan yaƙi da almara kuma, waɗanda bokayensu sau da yawa tsafi iri ɗaya suke yi, a nuna yatsa wuta ta fito, akwai abin ɗauka a nan. Kafin ka ba wani mutum a labarinka ƙarfin sihiri, ka fara ba shi sana'a, ka san wa yake yi wa aiki da abin da zai rasa in ya daina. In ka yi haka, masu karatu da kansu za su zauna suna gardama a kan abin da ba ka rubuta ba.